Alu Gajere Da Sunan Kan Lasisi

Duk wanda ya aurar da 'ya ko ya yi wa ɗa aure tsakanin Durba da Kibiya har zuwa Rano, da wuya a ce bai taɓa shimfiɗa wa Alu Gajere tabarma ba. Ba liman ba ne, ba kuma mai unguwa ba. Shi ne wanda ake aikawa bincike. Idan saurayi ya fito neman 'yar mutum, ko ɗan mutum ya ga yarinya a wani gari ya nace, sai a kira Alu a ce, "Je ka gano mana ko su waye." Ya ɗauki sandarsa ya hau motar kasuwa, bayan kwana uku ko huɗu ya dawo da amsa.

Sunan Gajere kuwa tsokanar 'yan tasha ce, don mutumin dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zauren gidansa. Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙin babbar mota, yana ɗaukar dawa da gyaɗa daga kasuwannin Rano da Kibiya zuwa Kano, wani lokaci har can arewa kusa da iyaka. Yawon nan ne ya ba shi sanin mutane. A shekarar 2001 ya ajiye mota rana ɗaya ya koma gona. Mutane suka ce ciwon baya ne, shi kuma bai gyara musu ba.

Yana da tsarin aikinsa, kuma kowa ya san shi, don ba ya ɓoyewa. Mutum uku yake tambaya. Wanda ke cin abinci da mutumin, wanda ke salla sahu ɗaya da shi, sannan wanda ke jin haushinsa. Yakan ce na ukun ya fi amfani, don masoyi ba ya kallon ka sosai, amma mai jin haushinka ko tari ka yi yana lissafe da shi. In ya dawo kuma kalma biyu ce kawai a bakinsa, ko "ku karɓa" ko "ku haƙura." Ba ya faɗin dalili. Ko ka yi masa magiya har gobe ba zai ƙara ba, wai shi ba a aike shi tonon asirin Musulmi ba. Mutane suna yaba masa wannan hali, kuma a gaskiya abin yabo ne, sai dai sau ɗaya da ya zama zalunci.

Wani tela ne, Amiru, mutumin Saji, ya nemi auren wata yarinya a Durba. Aka aiki Alu. Duk mutum ukun da ya tambaya bakinsu ya zo ɗaya: Amiru ya sha giya lokacin da yake koyon ɗinki a Kano, amma ya tuba, shekara huɗu ke nan ko ƙofar gidan giya bai kalla ba. Har mai jin haushin nasa ya shaida haka. Alu ya dawo ya zauna a kan tabarmar uban yarinya ya ce, "Ku haƙura." Da yake ba ya faɗin dalili, sai gari ya ƙirƙiro nasa. Wasu suka ce sata, wasu suka ce mugun ciwo. Shekara bakwai Amiru ya yi ba wanda ya ba shi mata, har ya baro Saji ya buɗe shago a kasuwar Kibiya. Kullum Alu zai shiga kasuwar nan sai ya wuce ta gaban shagon, kuma ba su taɓa yin fiye da sallama ba.

Abin da ya sa Alu ya yi haka tsoro ne, ba tsoron Allah ba, tsoron mutane. A shekarar da ya ajiye mota, shari'a tana sabuwa, ya kai kaya wani gari mai nisa a wata jiha. 'Yan hisbar garin suka same shi a bayan tasha da kwalbar giya a hannu, yana wari. Bai musa ba, don ba abin musu. Alƙali ya yanke masa bulala tamanin, aka yi masa a filin gaban kotu bayan sallar la'asar, jama'a cike. Yana tuna wani ɗan jarida da kyamara a wuya yana zagaye shi, har ya durƙusa don ya samu fuskarsa. Tun ranar Alu bai ƙara sha ba. Ya dawo gida bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Uwa. Shatin bulalar ya ɓace cikin wata guda, amma daga nan ba a sake ganin bayansa ba. Ko noma yake a tsakiyar rana, gumi na zuba, rigarsa tana jikinsa. Shi ya sa da maganar Amiru ta zo, ya ji in ya wanke tsohon mashayi, wani zai tambaya me ya sa Gajere ke tausaya wa masu sha.

Haka ya yi shekara goma sha biyar, kuma sannu a hankali zuciyarsa ta kwanta. Garin nan da nisa, jarida kuwa an daɗe da naɗe ƙosai a cikinta.

A daminar 2016 'yarsa Humaira, wadda ke koyarwa a firamare a Kibiya, ta kawo maganar Sadiƙ, ɗan Alhaji Mato mai sayar da taki a Madachi. Yaran suna son juna, ba wanda ya tura wani. Alu da kansa ya yi bincike ya dawo yana murmushi. Saura nasu ɓangaren, don su ma za su binciki gidan da za su ɗauko mata. Wannan bai dame shi ba. Ya san duk wanda za a tambaya a Durba, ya kuma san abin da za su ce.

Ran nan yana zaune a tashar Kibiya da tsofaffin abokan tuƙi, sai wani ɗan kamasho ya fara yi masa tsiya.

"Gajere, sana'arka ta mutu. Yanzu ba a hawa mota a je bincike. Ga shi nan." Ya ɗaga wayarsa. "Ka rubuta sunan mutum a intanet, duk abin da ya taɓa yi sai ya fito. Jiya aka fasa wani aure a Rano, an ga hoton angon a tsohuwar jarida, 'yan sanda sun jera su."

Alu ya yi dariya tare da kowa, sannan ya tambaya kamar ba komai, "Tsohuwar jarida ta yaushe?"

"Ko ta shekara ashirin. Ai duk sun kwashe sun zuba a ciki."

 Alu ya ajiye shayin da ke hannunsa bai ƙara kurɓa ba. A hanyar komawa Durba bai amsa gaisuwar mutum biyu ba, abin da bai taɓa yi ba. Uwa ta kawo tuwo ya taɓa kaɗan ya ture. Ta ce, "Malam, ko bayan ne?" Ya ce bayan ne.

Kwana biyar ya yi yana fama. Duk wanda ya gani ya sunkuyar da kai a kan waya, sai ya ga kamar shi ake karantawa. Humaira ta shigo da tata a hannu tana dariya, ya ɗauka shi ke nan ta gani, ashe hoton atamfa take nuna wa uwarta. A rana ta shida ya yanke shawarar da yake ganin ta masu hankali ce: gara ya gani da idonsa kafin wani ya gani. Ba zai yi a Kibiya ba, inda kowa ya san shi. Ya hau mota zuwa Rano, ya yi ta zagaye har ya samu wani sabon shagon kwamfuta a wani lungu, wata mata mai kimanin shekara talatin da biyar tana zaune a ciki tana buga wa mutane takardu. Bai san fuskarta ba, kuma wannan ne ya kwantar masa da hankali.

A nan fa mai sana'a ya manta sana'arsa. Mutumin da ba ya sayen goro a hannun wani sai ya san ɗan gidan waye, ya shiga ya zauna bai tambayi 'yar waye ba, bai tambayi matar waye ba. Tsoro ya riga ya toshe masa kai.

"Sannu da zuwa, Baba. Me za a yi?"

"Bincike aka aike ni a kan wani mutum. An ce kuna dubawa."

"Muna dubawa. Menene sunansa?"

 Ya ce, "Fara da Alu Gajere." Ta buga, ta duba, ta girgiza kai. Babu komai. Da mai rabon kwanciyar hankali ne, da nan ya tashi ya yi godiya ya tafi, don duk ƙasar Rano da Kibiya da wannan sunan aka san shi, kuma da shi kowa zai nema. Amma ya tuna a kotu ba Gajere aka kira shi ba. Sunan da ke kan lasisinsa na tuƙi aka karanta, sunan da ko 'ya'yansa ba sa amfani da shi.

"Gwada Aliyu Ishiyaku Durba," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa.

Ta buga. Injin bai ɗauki lokacin da mutum zai sha ruwa ba. Alu ba ya karanta boko sosai, amma hoto ba ya bukatar karatu. Ga filin, ga jama'a, ga dogon mutum a durƙushe ba riga, ya juyo da fuska daidai inda mai kyamara yake. Gemun baƙi ne a lokacin, amma tsagen da ke gefen idonsa yana nan inda yake yau.

Matar ta dubi hoton, ta dube shi, ta mayar da idonta kan kwamfuta da sauri. 

"Ana iya gogewa?" ya tambaya.

"Ba daga nan ba, Baba. Na masu jaridar ne. Ko sun cire, wataƙila wani ya riga ya kwafa."

Ya miƙe ya fita, ya bar sandarsa jingine da bango, sai da ta biyo shi da ita.

Bayan mako guda matan gidan Alhaji Mato suka zo gaishe da Uwa, su ga gida su ga yarinya, kamar yadda aka saba. Alu yana zaure suka yi sallama, su huɗu. Ta ukun ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baba," ya ɗago kai ya ga mai shagon kwamfuta. Babbar cikinsu ta ce, "Wannan Lubabatu ce, autar su Alhaji. A Kaduna ta tashi wajen yayarsu, bana mijinta ya dawo da ita Rano." Alu ya amsa gaisuwar, bai san da wane baki ba. Suka shige cikin gida, yana jin dariyarsu da ta Humaira ta katanga, shi kuma gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu.

Da hannunsa ya kai. Ba wanda zai taɓa buga wancan sunan a duniya, shi ya ɗauka ya hau mota ya kai wa gwaggon ango har shagonta.

Daga ranar ya shiga jira, kuma jiran ya fi bulalar ciwo, don bulala ana ƙirga ta, mutum ya san inda za ta tsaya. Ba kansa yake ji ba kawai. Ya san yadda abin ke tafiya, shi ne ya yi shekaru yana kai irin wannan saƙo. Za a turo dattijo ya zauna a tabarma ya ce Allah bai yi ba, ba za a faɗi dalili ba, gari kuma ya ƙirƙiro wa Humaira nasa. Yarinyar da ba ta yi komai ba za ta zauna ana nuna ta da baki. Yana ganin ta da yamma tana gyara littattafan ɗalibanta tana 'yar waƙa, sai ya tashi ya bar gidan.

Labari ya fara iso masa. Alhaji Mato bai aiki kowa ba, da kansa ya fito. An gan shi wajen Malam Abba, wanda suke cin tuwon dare tare da Alu shekara da shekaru. An gan shi wajen ladanin masallacinsu. Alu ya ƙirga, ɗaya, biyu. Tsarinsa ne ake bi, kuma ya san na ukun. Duk Kibiya in aka ce a nuna mai jin haushin Gajere, shago ɗaya za a nuna. Ranar kasuwa wani ya ce masa, "Na ga surukinka a shagon Amiru tela, sun daɗe suna magana." Alu ya koma gida bai sayi abin da ya je saya ba.

Ranar Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji Mato ya shigo zaure shi kaɗai. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gona da iyali da damina, Alu yana amsawa. Uwa ta aiko da fura, ba wanda ya taɓa.

"Malam Alu," in ji Alhaji Mato, "ni ba zan yi irin taka ba, zan faɗi dalili. Lubabatu ta nuna mini. Ni kaɗai, kuma ta yi kuka kafin ta nuna, amma Sadiƙ ɗan yayanta ne, ba ta iya yin shiru ba."

Alu ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Alhaji. Ni ne."

"Na san kai ne. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Sai na ce hoto ya gaya mini abin da ka yi rana ɗaya, bari in ji sauran ranakun. Abokin cin tuwonka ya yabe ka, ladan ya yabe ka, ban ɗauki nasu da nauyi ba. Na je wajen tela. Ban nuna masa komai ba, tambaya ɗaya na yi masa, na ce ko ya taɓa jin kana sha."

Alu bai iya ɗaga ido ba.

"Ya tsayar da keken, ya daɗe yana kallona. Ya ce, 'Ashe haka ne. Sai yau na gane abin da ya sa ya ƙi ni.' Na ɗauka shi ke nan, ya samu abin da yake nema. Sai ya ce, 'Alhaji, sama da shekara goma ina kallon mutumin nan yana wucewa ta nan, ina neman abin da zan kama shi da shi. Na shinshina shi, na bi sawunsa, na tambayi 'yan tasha. Da ya kurɓa ko sau ɗaya da na sani, kuma da na yi shela. Ban samu ba. Ku karɓi 'yarsa.'" Alhaji Mato ya jawo ƙwaryar fura ya sha. "Jibi za mu turo a sa rana."

Bayan tafiyarsa Alu ya daɗe a zaure bai motsa ba. Ya yi zaton zai ji sanyi, kuma ya ji, amma kunya ta fi yawa. Hoton kuwa yana nan inda yake, ba wanda ya goge shi. Har yau in wani ya ɗaga waya kusa da shi a tasha, sai ya ji gabansa ya faɗi.

Ranar kasuwa ta gaba ya sayi farar shadda yadi goma, ya tsaya a ƙofar shagon da ya yi shekaru yana wucewa. Ya yi sallama. Amiru ya amsa bai daina taka keke ba. Furfura ta fara fito masa, ga ƙaramar 'yarsa ta fari ba ta wuce shekara uku ba tana wasa da ƙyallaye a ƙasa.

"Rigar ɗaurin aure na kawo," in ji Alu.

Amiru ya dubi shaddar, ya tashi ya ɗauko tef, ya saki labulen ƙofa. "Cire babbar rigar in auna."

Alu ya cire. Sannan, ba tare da an ce masa ba, ya cire 'yar ciki, ya cire singileti, ya juya wa tela baya, hannuwansa suna rawa. Wannan ne karo na farko cikin shekara goma sha biyar da wani ya ga bayan nan.

Amiru ya duba. "Babu komai a nan, Malam Alu."

"Na sani."

"Kai tamanin aka yi maka, aka ƙirga, aka sallame ka. Ni shekara bakwai ina sha a bakin mutane, ba wanda ya ƙirga."

"Ka yafe mini, Amiru."

 Tela ya ɗora tef daga wannan kafaɗa zuwa waccan, ya rubuta a bango da alli, ya ce, "Tsaya da kyau, rawar da kake yi za ta ɓata mini awo."